Dagwalon rini kafin ya kai kogin Isa: yadda marinan Yamai za su tace ruwansu tun daga cikin gida

Gabanin salla, ba sai ka tambaya ba za ka gane gidan da ake rini a Yamai. Ga shadda jere a kan igiya, ga ƙarar bugu, ga kuma wani ruwa shuɗi ko ja da ya biyo ƙarƙashin ƙofa ya kwanta a kwata. Mai gidan tana ganin ta rabu da shi ke nan, alhali wuri kawai ya sauya. Wanda ya nutse ƙasa zai tarar da ruwan rijiyoyi, wanda ya saura kuma ruwan sama na farko zai kwashe shi ta kwarin Gunti Yena ko wata magudana ya juye a kogi. A gangaren gari akwai lambunan Gamkalle da shinkafar Saga, ga masunta, ga masu wanki da shanu a bakin ruwa.

Wannan jagora na rubuta ta ne don masu rini a gida da ƙungiyoyin mata masu rinin shadda da batik, waɗanda ruwan da suke zubarwa bai wuce lita 200 zuwa 1000 a rana ba. Babbar masaƙa ma hanyar nan take bi, sai dai da injuna. Can kilo ɗaya na yadi kan lashe ruwa sama da lita 100 kafin ya fito kasuwa.

Me ke cikin ruwan?

Marinar kakanninmu ba ta da wannan damuwa sosai. Baba ne da toka da ruwa a cikin karofi. In rinin ya mutu sai a kwashe lakar ƙasan, a busar, a ƙone ta zama katsi, a mayar cikin sabon rini ko a haɗa laso da ita a shafe rami da rufin soro. Kusan babu abin zubarwa. Rinin yau na kanti ne, kuma iri biyu ne suka fi yawa a hannunmu.

Na farko shi ne na galila, wanda ake dafawa da sodar kostik da hodar hidiro. Shi wannan launi ba ya narkewa a ruwa da kansa. Hidiro da soda ne ke narkar da shi ya shiga zaren auduga, in an ɗaga yadin ya sha iska sai launin ya koma yadda yake, ya maƙale. Dalilin da ya sa kuke ganin yadi ya fito daga tukunya kore-kore ko rawaya-rawaya, sai a kan igiya ya rikiɗe ya zama shuɗi, ke nan. Ku riƙe wannan, don rabin aikin tacewar a kansa yake.

Na biyu shi ne rinin sanyi da masu batik suka fi so, wanda ake haɗawa da gishiri mai yawa da sodar wanki. Shi yana narkewa tsaf, kuma kason da bai kama yadi ba haka zai zauna a narke, iska ba ta yi masa komai.

Launin da ido ke gani ba shi ne mafi sharri ba. Soda tana ƙona fata, tana kashe ƙasar noma. Ragowar hidiro tana shanye iskar da ke cikin ruwa, wadda kifi ke numfashi da ita. Wasu launukan, musamman shuɗi mai haske na rinin sanyi, akwai tagulla a jikinsu. Wasu na dangin da masana ke kira azo kuma in sun ruɓe suna sakin sinadaran da aka tabbatar suna jawo sankara, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana amfani da irinsu a tufafi tun 2002.

Da farko, a raba ruwan gida biyu

Kuskuren da na fi gani shi ne a haɗa komai a rami ɗaya. Ruwan tukunyar rini kaɗan ne amma shi ke ɗauke da dafin. Ruwan ɗauraya kuwa yawa gare shi, ƙarfinsa kaɗan. In kun gauraya su kun mayar da ƙaramar matsala babba.

Akwai masu cewa ai in aka sirka da ruwa mai yawa shi ke nan. Ga lissafin. Ana auna ƙarfin tsami ko na kanwa a ruwa da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14. Ruwan kirki yana wajen 7, tukunyar galila tana kai 12 ko 13. Kafin sirki ya sauko da ita maki ɗaya sai an ninka ruwan sau goma. Daga 12 zuwa 9 kuwa, bokiti ɗaya na son bokiti dubu. Wa ke da wannan ruwan a Yamai a watan Afrilu?

Don haka ku tanadi tano biyu ko uku na roba, wato duro mai lita 200, don ruwan tukunya da ɗaurayar farko kawai. Ana samunsu a kasuwar Katako. Amma tukwanen alminiyon da ake ƙerawa a can kada su kusanci wannan ruwa, soda tana cinye su. Ɗauraya ta biyu da ta uku su tafi wani wuri dabam. Ta ƙarshen ma ba ta zubarwa ba ce: ku yi ɗaurayar farko ta yadin gaba da ita, in launin ɗaya ne ko ya fi duhu. A bakin inda ruwa ke shiga ku ɗaura tsohon gidan sauro ko buhu ya tare zare da leda, masu batik kuma su bar ruwan ya huce su kwashe kakin da ya daskare a sama.

Mai fitar da lita 1000 a rana gara ta gina kwarmin siminti biyu, kowanne tsawo mita ɗaya da rabi, faɗi mita ɗaya, zurfi mita ɗaya. Biyu ne domin ɗaya na cika, ɗaya na kwanciya. A karkata daɓen ƙasan zuwa kusurwa guda a sa bututun fitar da laka, sa'an nan a sa kan famfo na ruwa mai kyau santimita 30 sama da daɓen. A shafe cikin da kyau. Kwarmin da ke yoyo da kwata duk ɗaya ne, bambancin kawai ba a ganin ɓarnarsa.

Iska tukuna, kafin komai

Wannan matakin kyauta ne, kuma shi aka fi tsallakewa. Abin da iska ke yi wa yadi a kan igiya, shi za ta yi wa ruwan tukunya. In hidiro ta ƙare, launin galila ba shi da abin da zai riƙe shi a narke, sai ya koma gari ya soma kwanciya.

Ku bar tanon a buɗe a fili. Ku riƙa kaɗa shi da dogon itace, ko ku ɗebo da bokiti ku kwararo daga sama ya yi kumfa, minti goma sau uku ko huɗu a rana. Mai ƙaramin injin famfo ta sa shi ya riƙa ɗaga ruwan yana zubo shi ta kan faranti mai huji-huji. Faffaɗan mazubi marar zurfi ya fi tano saurin shan iska. Kwana ɗaya zuwa biyu kan isa.

Yadda za ku gane ya yi: warin nan mai shaƙe maƙogwaro ya ragu ƙwarai, ruwan ya bar kore-koren tukunya ya koma ainihin launin rinin. Ku ɗiga ɗigo ɗaya a kan farin ƙyalle. In kuka ga launin ya tsaya a tsakiya kamar ƙura, gefensa kuma jiƙa ce kawai marar launi, to ya nuna.

Dalilin da ya sa na nace iska ta riga komai shi ne mataki na gaba asid ne. In aka zuba asid a ruwan da hidiro ke raye a ciki, hayaƙin farar wuta mai shaƙewa ne zai taso. In baƙin rini ne irin mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, iskar da za ta fito tana iya kashe mutum a rufaffen wuri. Na taɓa ganin wata yarinya mai koyon aiki ta yi wannan gaggawar a cikin zaure; Allah ya kiyaye, ƙofa a buɗe take, amma ta wuni tana tari da hawaye. Ita hodar hidiron ma ku ajiye ta a busasshen wuri a rufe, don in ta jiƙe tana yin zafi har ta kama wuta.

Kashe kaifin soda

Ku nemi takardar gwajin pH wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaji, ba ta da tsada. Ku tsoma, ku gwama launin da na jikin kwalin. In ruwan ya yi duhu ƙwarai ku ɗiga a gefen takardar ku duba inda jiƙar ta bazu. Abin da ake so shi ne a sauko zuwa wajen 8. Kada a kai 7, domin alif ɗin da za a zuba nan gaba shi ma tsami gare shi, zai ƙarasa sauran.

Da me za a sauko da shi? Kilo ɗaya na sodar kostik na cin binigar ɗin girki lita 20 ko fiye, wanda ba ya yiwuwa sai ga mai ɗan ƙaramin aiki. Sabon ruwan batir, wato asid ɗin batirin mota wanda ba a taɓa zubawa a batir ba, wajen lita biyu da rabi ya isa wannan kilon. Na tsohon batir kuwa haram ne a wannan aiki, darma ce a ciki, kun cire guba kun zuba wadda ta fi ta. Hodar lemon tsami ta kanti tana sauko da pH, amma tana riƙe alif ta hana shi aiki, ni ba na ba da shawararta. A aikace abin da za ku buƙata bai kai wannan lissafin ba, saboda yadi ya tafi da wani kason sodar, iska ma ta ci wani.

Kada ku yi kirdado a kan tano guda. Ku ɗebi lita ɗaya. Ku sirka asid ɗin, kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, kuma asid ake zubawa a cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kan asid. Da sirinji ku riƙa ƙara mililita biyu-biyu a litar nan kuna motsawa kuna gwadawa har ta kai 8. Abin da ta ci ku ninka sau 200, na tano ke nan. Ku zuba kashi biyu cikin uku tukuna, ku motsa, ku gwada, sa'an nan ku lallaɓa da sauran. Safar hannu ta roba mai tsawo, tabarau, da bokitin ruwa mai tsabta a gefe, ba na ado ba ne. Soda ko asid ya faɗa ido, a yi ta wankewa minti 15 ba tsayawa, sai asibiti.

Ruwan ɗauraya sau da yawa bai kai wannan kaifin ba, ɗan asid kaɗan ko alif kaɗai kan ishe shi. Takardar ce za ta faɗa muku.

Alif da gwajin kwalabe biyar

Duk wadda ta taɓa yin awara ta san abin da zai faru a nan. Madarar waken suya fara ce sumul, ana zuba ruwan tsami sai ta tsinke, gudaji gefe guda, ruwa garau gefe guda. Haka alif, wanda wasu ke kira alam, yake yi wa ruwan rini: ya tattaro ƙananan ƙurar launin da ke yawo su dunƙule su yi nauyi su kwanta. Kuma kamar awarar, in tsamin ya yi kaɗan ba ta tsinkewa, in ya yi yawa ta lalace. Babu awo ɗaya da ya dace da kowane rini, shi ya sa ake gwaji.

Ku daka alif, ku narkar da giram 10 a lita ɗaya ta ruwa mai kyau. Ku yanke kan gorunan roba biyar, kowace ku zuba mata lita ɗaya ta ruwan da kuka gyara wa pH. Ta farko ku sa mata mililita 20 na ruwan alif, ta biyu 40, ta uku 60, ta huɗu 80, ta biyar 100. Ku kaɗa kowace da ƙarfi minti ɗaya, daga nan ku koma juyi a hankali, irin juyin kunu a ƙaramar wuta, minti 15. Wannan juyin na hankali shi ne sirrin. In kuka ci gaba da bugu da ƙarfi, gudajin da suka soma haɗuwa za su farfashe. Sai ku bar su awa guda ba taɓawa.

Ku jera su a rana ku duba. Wadda za ku zaɓa ita ce mafi ƙarancin alif a cikin waɗanda samansu ya washe. A ce ta uku ce. Mililita 60 na wannan haɗin giram 0.6 ne a lita, wato giram 120 a tano, giram 600 a kwarmi mai lita 1000. Ku rubuta a littafi tare da launin da ranar, bayan wata biyu za ku ga ba kullum sai kun sake gwaji ba. In duk biyar ɗin suka ƙi, ku duba pH ɗinsu. Alif ya fi aiki tsakanin 6 da 7 da rabi; in ya faɗi ƙasa da 6 ku ƙara ɗan ruwan ɗauraya mai soda. In pH daidai ne amma ba su washe ba, ku ninka awon ku sake. Ruwan tukunya mai kauri kan ci fiye da haka.

A tano ko kwarmi, ku narkar da alif ɗin a bokiti kafin ku zuba, ku bi tsarin nan na bugu da juyi, ku bar shi ya kwana. Da safe ku buɗe famfon sama a hankali.

Ana yawan tambayata batun zogale, tunda Yamai gari ne na kopto, wato kwaɗon ganyen zogale. Gaskiya ne ƙwayar busasshen ɗan zogale tana tsinka ruwa. A ɓare, a daka ta yi laushi, a jiƙa giram 10 a lita ɗaya, a girgiza, a tace da ƙyalle, a yi gwajin kwalaben nan da ita. Ba ruwanta da pH sosai, lakarta ma ba ta kai ta alif yawa ba, kuma wani lokaci tana kama launin rinin sanyi da ya gagari alif. Aibinta biyu: kullum sai an haɗa sabuwa, kuma ruwan da aka tace da ita in ya daɗe a ajiye yana wari. Ga mai tano ɗaya ko biyu ta yi, ga mai kwarmi kuwa tara ƙwayar ma aiki ne.

Yashi, gawayi da kacala

Ruwan da ya fito daga kwarmi bai gama ba. Ku huda tano a ƙasa ku sa bututu. Ku zuba tsakuwa santimita 15, dakakken gawayi kamar girman wake santimita 25, wankakken yashin kogi santimita 35 a sama, ku ɗora faranti mai huji don kada zubar ruwa ta tona yashin. In ya soma tafiyar hawainiya ku kankare saman yashin. In launi ya soma ɓullowa a ƙasa, gawayin ya ƙoshi, a canza shi, kuma kada a kai shi murhu. Gawayin girki bai kai na masana'anta da ake sarrafawa don tace ruwa ba, kada ku ɗora masa buri.

Ƙungiyar da ke da fili sai ta ƙara da fadamar gini. Rami ne mai zurfin santimita 60, a shimfiɗa leda mai kauri ko a yi daɓe, a cika da tsakuwa, a dasa kacala ko jema. Ruwa ya shiga ta wannan kai ya fita ta wancan, kuma ya tsaya ƙarƙashin saman tsakuwar, in ba haka ba kun buɗe wa sauro masauki. Ƙwayoyin halittar da ke zaune a saiwoyin su ke cinye ragowar sabulu da sitaci da launi, amma suna son lokaci, kamar kwana biyar. Lita 1000 a rana sau biyar lita 5000 ke nan, tsakuwa kuma kashi ɗaya cikin uku na cikinta ne kawai ke ɗaukar ruwa, don haka filin zai kai mita 10 a kan mita biyu da rabi. Kainuwar nan mai shuɗin fure da ta addabi kogi kada ku ɗauko ta, in ambaliya ta zo can za ta koma.

Lakar da gishirin

Launin bai mutu ba, a laka ya taru. Mai tace ruwa ta watsar da lakar a bola, aikin banza ta yi, damina za ta mayar da shi inda aka hana shi zuwa. Ku yi ɗan gado na bulo mai yashi a ƙasa, ku zuba lakar kaurin santimita 20, ruwan da ya tsiyaye ya koma kwarmi. Ranar Yamai ba ta ɓata lokaci. In ta bushe ku kwashe tun ba ta zama ƙura ba, ku zuba a buhu. Wannan ba katsin kakanni ba ne: ba ta shiga gona, ba ta shiga takin lambu, ba a ƙone ta. Mafi sauƙin abin yi shi ne a cuɗa kaɗan daga cikinta da siminti da yashi a buga bulon katanga ko daɓen wurin aiki, ban da ɗakin kwana da rijiya.

Gishirin rinin sanyi kuwa, alif da yashi da gawayi duk ba sa taɓa shi. Manyan masana'antu sai da matatar da ke matse ruwa ta cikin wata fata mai tsananin laushi suke raba shi. A garin Tirupur na Indiya, sai da babbar kotun Madras ta sa aka rufe ɗaruruwan marina a 2011 saboda kogin Noyyal kafin aka rungumi tsarin da ba ya sakin ko ɗigo waje. Mu namu injin rana ce. Ruwan tukunyar rinin sanyi ku zuba shi a faffaɗan daɓe mai baki, zurfin ɗan yatsa, ya ƙafe, ku kankare ku haɗa da lakar. Kowane milimita da ya ƙafe a fili mai mita ɗaya a kan mita ɗaya lita guda ce; ku ajiye faranti da ruwa ku auna na kwana uku, za ku san faɗin da kuke buƙata. A kewaye shi saboda yara da awaki, daga Yuni zuwa Satumba kuma a tanadi abin rufewa.

Ina ruwan zai tafi?

Komai haskensa, ba na sha ba ne, ba na girki ko alwala ba, ba na dabbobi ba, kuma ba na ba salati da kabeji ba. Wurinsa na farko shi ne aikin rinin kansa: wankin tukwane, ɗaurayar farko ta launuka masu duhu. Sai yayyafin tsakar gida da ban ruwan itatuwan inuwa, in ba mai gishiri ba ne. Kafin ku sake shi, pH ya kasance tsakanin 6 da 9. Ku kuma yi gwajin gero: ƙwaya 20 a ƙyallen da aka jiƙa da ruwanku, wasu 20 a wanda aka jiƙa da ruwan famfo. Bayan kwana huɗu ku ƙirga tsiron ku gwama tsawon saiwa. In naku ya gaza a fili, akwai sauran aiki, galibi gishiri ne ko soda.

Ƙungiyar da aikinta ya girma ta riƙa kai samfur ɗakin gwaji ko sau biyu a shekara, a LANSPEX, ɗakin gwajin lafiyar jama'a na ƙasa, ko wajen masana sinadarai na jami'ar Abdu Mumuni, a auna mata dattin da ke cin iskar ruwa da ƙarafa irin su tagulla. Dokar muhalli mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998 ta ɗora nauyin gyara a kan wanda ya gurɓata, ga kuma kundin dokar ruwa na 2010, don haka mai shirin kafa babbar marina ta fara tuntuɓar ma'aikatar muhalli kafin ta sa bulo. Samfurin a zuba shi a kwalba mai tsabta da aka ɗauraye da ruwan kansa, a cika ta har baki, a sa a cikin ƙanƙara, a kai shi a ranar.